Jikan Maƙwabcin Sarkin Kakaki a Sinalowa

A jihar Sinalowa, can bakin tekun Pasifik a arewa maso yammacin Meksiko, in an watse daga biki ba wanda zai tambaye ka shanu nawa aka kayar. Abin da ake tambaya shi ne awa nawa banda ta yi tana busa. Banda kuwa taron ƙarti ne, 15 zuwa 17, galibinsu rungume da ƙahonin tagulla. In suka cika huhu suka saki iska a tare, ba ruwansu da lasifika, ba ruwansu da janareta, ba ruwansu da barcin maƙwabta. Da su ake murnar haihuwa, da su ake aure, da su ake hawan bijimi a filin wasa, kuma in mutum ya cika, su ne a bayan akwatin gawarsa har bakin kabari.

Ni dai zoɓo ne ya kai ni. Mutanen Meksiko na shan zoɓo safe da yamma, da ƙanƙara da sukari, kuma kaso mai tsoka na furen da suke jiƙawa daga gonakin Jigawa da Kano yake tasowa. Akwai wani ɗan kasuwa a Masatlan, garin tashar jiragen ruwan jihar, da ke saye a hannunmu, sai ubangidana Alhaji ya aike ni in ga sitonsa, in gan shi ido da ido. Na iske gidan a hargitse da shirin biki. 'Yarsa ce ta cika shekara 15, ranar da kowane uba a ƙasar ke fasa asusu. Ya ce ba maganar buhu ba maganar kwantena sai an sauke wannan nauyi, kuma ni ne babban baƙo. Na zaro babbar rigata ta shadda, na karya hula, aka kwashe mu zuwa ƙauyensu a bayan gari.

Muna zaune ana ta kawo jatan lande da aka jiƙa da lemun tsami da barkono, ni ina korawa da zoɓon garinmu, banda na ta rugugi a gefen fili, sai mai masaukina ya matso ya yi wa ɗansa magana. Yaron ya yi zaman Los Anjelis, shi ne tafintanmu, compa yake kirana, wato aboki.

"Baba ya ce, compa, a ƙasarku akwai irin wannan?"

Duk wanda ya san ni ya san ba a cin ƙasata da yaƙi ina zaune. Na gyara zama na ba su labarin kakaki: ƙahon ƙarfe da ya fi mutum tsayi, wanda ba a busa wa kowa sai sarki, wanda in ya yi kuka ranar hawan salla dawakai kansu sun san wane ne ya fito. Na ƙara da cewa maƙwabcin kakana Sarkin Kakaki ne. Sai dai ganga na ta dukan ƙirji a lokacin, maƙwabcin ya faɗi a hanya tsakanin bakina da kunnen yaron, ni kuma ban ga dalilin da babban mutum zai sunkuya da babbar riga yana laluben ƙasa ba. Na kuma ambaci shekarun da na yi a ƙungiyar badujalar firamarenmu. Wannan ma gaskiya ce tsantsa. Ni ne mai goge bigila da toka da lemun tsami kafin faretin 1 ga Oktoba, kuma har na bar makarantar ba wanda ya taɓa kuka da ƙyallinta.

Mai masaukina ya miƙe tsaye cak, ya ɗaga hannu, kiɗa ya ɗauke. Shugaban banda, wani dattijo mai gashin baki riƙe da kilarinet, ya zo ya cire malafarsa ya kira ni maestro, wato gwani. Baki shi ke yanka wuya, amma a wannan lokacin wuyana bai ji komai ba sai daɗi.

Kafin a miƙo mini komai, sai da mai gida ya karanta mini asalin gidan da zan shiga. A ƙarni na 19, in ji shi, Jamusawa 'yan kasuwa suka yi kaka-gida a Masatlan, kantunansu na sayar da kayan busa na Turai, badujalar sojoji kuma na cika dandalin gari da maci da folka da wals. Manoman ƙauyuka suka ɗauki ƙahonin, da yawansu da kunne suka koya, suka haɗa da wata babbar ganga mai faifan tagulla a kanta da ake kira tambora, suka mai da abin nasu. Masu kuɗin birni suka daɗe suna yatsina fuska, wai kiɗan ƙauye ne da mashaya. A 1938 wani mai busa kilarinet, Cruz Lizárraga, ya kafa Banda El Recodo a wani ƙauye mai wannan suna kusa da Masatlan, ya sa wa yaransa kaya iri ɗaya, ya shigar da su faifan garmaho a shekarun 1950. Ya rasu a 1995, 'ya'yansa na riƙe da ƙungiyar har gobe, ana yi mata kirari da uwar dukkan bandoji. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, shekara da shekaru banda ba ta da mawaƙi nata na kanta. Tagulla ce ke rera waƙar, saboda haka kowane ƙaho da muryarsa da aikinsa: turompeta uku, turombon uku, carceta biyu, tuba ɗaya, ga kilarinet uku na raka su, ga tambora da ƙaramar ganga tarola a baya.

"Wanne maestro zai fara da shi?"

Ai tambayar ma ɓata baki ce. Jinin sarauta ba ya zaman baya. Turompeta ce ke ɗauke da kan waƙa, ita ce ke tsaga sama in an zo wurin da mata ke guɗa, masu busa ta ne ke gaba a hoto. Na nuna ta da yatsa.

Da aka ɗora mini ita a hannu sai na ga wasu madannai guda uku a gadon bayanta. Bigilar makarantarmu ba ta da su, kakaki ma ba shi da su, shi ya sa muryoyinsu ƙidayayyu ne. Wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, su suka yi rajistar wannan dabara a 1818, kuma ita ce ta ba tagulla damar rera kowace irin waƙa. Duk madannin da ka danna yana buɗe wa iska ƙarin kwana, bututun ya ƙara tsawo, murya ta sauka: na tsakiya rabin mataki, na farko mataki guda, na uku mataki da rabi. Da yatsu uku da matsin leɓe ake fitar da duk abin da kunne ke ji. Ni kuwa, don kada wani madanni ya ga an fifita ɗan'uwansa, na danne su duka uku. Na cika kumatu irin na masu algaita, na yi bisimilla, na hura.

Iska ta shiga lafiya, ta zagaye bututun nan mai kusan mita ɗaya da rabi, ta fita ta ɗaya ɓarin lafiya, ba ta ce wa kowa uffan ba. Fili ya yi tsit. Na sake hurawa har jijiyar wuyana ta miƙe. Abin da ya fito a wannan karon, a gaban surukai ba a ambatonsa. Wata tsohuwa ta ja jikanta gefe.

Ashe a wannan sana'a iska ba ta kuka da kanta. Leɓe ne ke karkarwa a cikin ɗan kofin da ake ɗora baki, ƙahon kuma ya ɗauki karkarwar ya tace ta ya ƙara mata ƙarfi. Kumatu ba a kumbura su, a ɗaure ake riƙe su, iskar daga ciki take tasowa. Wannan bayani ya zo mini a makare, ta bakin tafinta, tare da saƙon shugaban banda: wai leɓen maestro ya fi ƙarfin ƙaramin kofi, a kawo masa turombon. Na karɓi wannan ƙarin girma da tawali'u.

Turombon kam na san ta. Na sha ganinta a talabijin, mai busa na tura wani dogon hannu gaba yana jawo shi baya. Na riƙe ta da hagu, na laluba da dama, na samu wani lanƙwasasshen bututu a bayanta da alamar zai motsa, na fizga. Ya motsa kuwa. Ya fito gaba ɗaya ya zauna a hannuna, wani ruwa mai ɗumi ya bi hannun rigata ya gangara har gwiwar hannu. Mai turombon ya dafe kai ya kira sunan wani waliyyinsu.

A Sinalowa turombon ba ta da hannun turawa. Madannai uku gare ta irin na turompeta, yatsu iri ɗaya ake sa mata, shi ya sa take iya gudu a waƙa mai sauri, kuma mai ita zai iya ratsa cunkoso bai tsone wa kowa ido ba. Abin da na cire na daidaita murya ne, sau ɗaya ake taɓa shi kafin a fara aiki. Aikinta a banda shi ne amsawa: turompeta ta faɗi magana a sama, turombon ukun nan su mayar mata da kakkaurar murya daga ƙasa, wani lokacin su karɓe waƙar gaba ɗaya su ba na gaba damar numfasawa. Ruwan kuma, an tabbatar mini, yawancinsa tururin numfashi ne da ke taruwa in ya taɓa sanyin ƙarfe. Na ji "yawancinsa" ɗin nan sarai, ban nemi ƙarin bayani ba.

Dattijon ya dube ni, ya dubi yaransa, ya ce a ba maestro carceta. Ƙarin girma na biyo ƙarin girma.

Carceta wani ɗan matsakaicin ƙaho ne da ake rungumewa a ƙirji, bakinsa na kallon sama. Su biyu ne, can baya kusa da ganga, kuma tun da aka fara bikin ban ga wanda ya nemi ɗaukar hoto da su ba. A nan ne Allah ya taimake ni leɓena ya kama, wata murya ta fito wadda mai adalci zai iya kiranta sauti. Jama'a suka tafa. Na ɗaga musu hannu.

"Aikin mai sauƙi ne," in ji tafinta. "Tuba za ta ce bum, kai ka ce pa. In wals ne, ta ce bum, kai ka ce pa, pa. Shi ke nan. Kada dai ku haɗu da ita a wuri ɗaya."

Aka ɗauki wals, masu rawa suka shigo fili bibbiyu. Tuba ta ce bum, ni ma na ce pa, a tare, don ban saba barin babba ya yi magana shi kaɗai ba. Aka harare ni. Na jinkirta, sai na faɗa wani gurbi da ba kowa a ciki, tsakanin pa na biyu da bum na gaba, wurin da tun kafuwar jihar ba a taɓa ajiye sauti ba. Abokin aikina na carceta ya yi ƙoƙarin jawo ni hanya, ya ƙara ƙarfi, ni ma na ƙara, har ya rasa nasa gurbin ya biyo ni. Nan take na ga abin mamaki. Turompeta na nan daidai, kilarinet na nan daidai, waƙar ba ta canza ba, amma ƙafafun mutane suka rikice. Wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana juyi da matarsa ya taka mata ƙafa, ta ture shi, ya faɗa kan wasu, layin rawa ya tattare a kusurwa ɗaya.

To a nan ne fa asirin banda yake. Kunne na bin turompeta, amma ƙafa ba ta san da zamanta ba. Ƙafa na sauka a kan tuba, tana tashi a kan carceta. Mutanen nan biyu da ke maimaita pa, pa tun la'asar har asuba, su ne ke cike tsakiyar sautin, su ne ke riƙe da ƙugun kowa a filin. Ba a lura da su sai ranar da suka ɓace, kuma ni ne na yi wa jama'ar ƙauyen alherin nuna musu haka a aikace, kyauta.

Saura ƙaho ɗaya. Mai tuba, wani ɗan siririn saurayi da ban zaci zai iya ɗaga bokitin ruwa ba, ya ji an ambaci maestro sai ya ƙanƙame kayarsa. Sai da mai gida ya sa baki.

Yana da hujja. Tafinta ya ba ni labari cewa lokacin da yake Los Anjelis, tsakanin 2011 da 2013, ɓarayi sun yi ta fasa makarantun sakandaren kudancin Kalifoniya, su tsallake kwamfuta su tsallake komai su ɗauke tuba, har aka yi fim a kan lamarin a 2023. Zargin da aka fi yi shi ne kasuwar banda ce ta jawo, domin sabuwa dubban daloli ce, kuma mai busa ta ya zama ɗan gata. A shekarun 1990, da aka yi yayin banda mai lantarki da rawar kebradita, ƙungiyoyi da yawa sun ajiye tuba sun ɗauki gitar bes. Ba a daɗe ba ta dawo da ƙarfinta, har ta kutsa inda da ba a san ta ba: 'yan ƙungiyar Calibre 50 suka haɗa ta da akodiyon, marigayi Ariel Camacho ya tsaya da gita biyu da tuba ɗaya kacal ya cika filaye. Masu busa ta na yanzu kuma ba bum, bum kawai suke yi ba. Ɗan siririn nan, kafin a raba shi da ita, ya yi wani gudu daga ƙasa zuwa sama ya dawo, yatsunsa ba sa ganuwa, don dai in san abin da ake shirin damƙa mini.

Asalin tuba a Balin aka yi mata rajista a 1835, amma wadda banda ke amfani da ita ita ce mai zagaye jiki, wadda aka ƙera a Amurka a shekarun 1890 saboda shugaban badujala John Philip Sousa. Ba a ɗaukarta, shiga cikinta ake yi. Bututu ne na wajen mita biyar da rabi da aka naɗe, nauyinsa kilo 13 ko fiye, duk a kafaɗar hagu, bakinsa mai faɗin inci 26 na leƙowa ta saman kai. Wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin babbar riga ba. Mutum biyu suka ɗaga ta suka zura mini ta ka, hulata ta yi nata wuri, hannun riga na dama ya naɗe a madannai, na hagu ya maƙale a wani ƙugiya, aikin wuyan ya haɗe da wani dunƙulen ƙarfe. Da suka saki, gwiwoyina suka yi shawara a tsakaninsu ba da ni ba. Na juya in gaishe da mai gida, bakin tuba ya kwashe igiyar fitilun da aka rataya, rabin fili ya yi duhu.

Kofin bakinta ya rufe mini daga ƙarƙashin hanci har haɓa. Aka ce in saki leɓe, in bar shi ya yi lilo. Wannan kam na iya, gadonmu ne. Na ja numfashi har ƙasan cibiya na tura. Jama'a, sauti ya fito. Irin kukan da bijimi ke yi a mayanka in ya hango wuƙa, shi ne ya tashi daga saman kaina ya ratsa ƙauyen. Karnuka suka amsa daga kowace kusurwa, wani jariri ya tsala ihu, wata mota da ke ajiye ta kama kururuwa ita kaɗai.

Nasara na da zaƙi, na ci gaba. Abin da ba a gaya mini ba shi ne tuba ba ta ƙoshi. Turompeta matsi take so, ita kuwa wannan iska take sha, duk abin da ka ba ta ta haɗiye ta miƙo hannu. Ban yi nisa ba na ga fitilun da suka mutu sun dawo, har da waɗanda ba a taɓa ratayawa ba, masu launi iri-iri, suna zagaye ni. Na ji tafinta na kiran compa daga wata ƙasa mai nisa. Da na dawo hayyacina ina zaune daɓas a ƙasa, tuba na wuyana, mai ita na durƙushe yana shafa ta yana duba ko ta ji ciwo. Ni ba wanda ya duba ni. Fitar da ni ya ɗauki mutum huɗu da almakashi, kuma shaddar ce ta biya diyya.

Aka kai ni kujera mafi girma, kusa da kakar yarinya, aka cika mini kofi da zoɓo, aka ce maestro ya huta, ya yi wa ƙasarsa abin da ya isa. Na zauna ina sa ido a kan yaran, kasancewar yanzu na san aikin kowa.

Sa idon ne ya sa na ga abin da ya wuce kowa. Ana tsakiyar shiri za a ɗauki sabuwar waƙa, sai mai turompetar da na fara karɓar kayarsa ya fice daga layi, fuska a ɗaure, ya ratsa tebura, ya bi ta bayan motoci ya shige duhu. Ba wanda ya ce masa kanzil. Raina ya ɓaci. Yaro ya yi fushi, wataƙila ma a kaina aka yi masa faɗa, manya na zaune sun zuba ido. A gidanmu ba a haka. Na tattara abin da ya rage na rigata na bi shi.

Na same shi a gindin wani mangwaro, shi kaɗai, yana kallon fili. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Haƙuri za ka yi, ɗan'uwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa." Can banda ta yi wata 'yar jimla ta tsaya cak, aka yi shiru. Ya ɗaga ƙaho zai kai baki, na danne hannunsa. "A'a, ba a busa cikin fushi." Banda ta maimaita jimlar, ta sake tsayawa. Ya zaro ido yana nuna mini su da haɓa, yana wani yare da sauri. Na ce, "Na sani, su ne ba su kyauta ba, amma kai ne ƙarami." Na kama wuyan hannunsa na jawo shi, yana turjewa ina ja, har tsakiyar fili, na kamo hannun dattijo mai kilarinet na haɗa da nasa, na ɗaga sama.

Abin da ya biyo baya ba tafi ba ne. Mutane ne ke faɗowa daga kujeru. Kakar yarinya na share hawaye da mayafi. Sai da tafinta ya samu numfashi ya bayyana mini cewa waƙar sunanta El Niño Perdido, tsohuwar waƙa ce da kowa ya haddace, labarin yaro da ya ɓata. Mai turompeta ɗaya kan tafi nesa ya ɓuya, 'yan'uwansa su kira daga fili, ya amsa daga duhu, su sake kira, ya matso kaɗan ya amsa, a haka a haka har ya iso a haɗu a rufe waƙar tare. Gwanintar tagulla ke nan, muryar da za ta taso daga bayan gari ba waya ba lasifika ta iso kunne garau. Wato abin da suka tsara zai ci mintuna, ni na kammala musu shi nan take. An ce yaro ya ɓata, na nemo shi. Har yau ina jiran wanda zai nuna mini inda aka saɓa.

Duk da haka na ga ya kamata in bar wurin da girmana. Mu a wajenmu in makaɗi ya burge ka liƙi ake yi. Na zura hannu a aljihun da na ajiye guzurin da Alhaji ya ba ni na mota da masauki, na zaro damin peso, na nufi mai tuba na fara manna masa a goshi. Gumi ya hana su zama, suna zamewa, ni ina ƙarawa, don kada a ce baƙo ya gaza. Dattijo mai kilarinet ya bi ya tsince su tas, ya ƙirga, ya duba agogo, ya juya ya daka wa yaransa tsawa. Na yi sallama da mai gida a gurguje, na zame ta ƙofar baya zan tafi ɗakin da aka sauke ni a ɗaya ƙarshen ƙauyen, ba tare da kowa ya gan ni ba.

Ban yi taku goma ba ƙasa ta girgiza a bayana. Na waiga. Ga su nan duka, a jere, tambora da tarola da komai, tuba na ƙyalli a sama. A Sinalowa tsohuwar al'ada ce mai jin kuɗi ya ɗauki banda da awa ta bi shi titi-titi duk inda ya sa ƙafa, kuma abin da na zubar a goshin yaron nan, in ji tafinta da ke gudu yana biyo mu, ya sayi awa biyu cur. Na ce a mayar mini da canji. Ya ce ba a taɓa yi ba.

Na ƙara sauri, suka juya folka. Na rage, suka koma wals. Na faɗa wani lungu don in ɓace musu, lungun ya ƙare a bangon wani gida, muka juyo gaba ɗayanmu, ni a gaba da yagaggiyar riga ba hula. A cikin matsatsin nan tuba ta sa tagogi rawa. Ƙofofi suka fara buɗewa. Na shirya karɓar zagi, sai na ga mutane na fitowa da kayan barci suna kama juna suna juyi. A nan ba a kai ƙarar banda. A watan Maris na 2024 wasu masu otal a Masatlan sun gwada, wai ƙarar na damun baƙi 'yan yawon buɗe ido a bakin teku. Makaɗa suka fito zanga-zanga da ƙahoninsu suka cika titi da busa, gari ya goya musu baya, kuma har yanzu suna nan a kan yashi suna aikinsu.

Da suka ɗauki El Sinaloense, waƙar da jihar ke ji da ita, sai na lura ƙafafuna sun daina karɓar umarni daga gare ni. Tuba ta ce bum, dama ta sauka. Carceta ta ce pa, hagu ta tashi. Abin da na kasa yi da baki, ga shi ƙafa na yi ba tare da an koya mata ba. Haka muka isa ƙofar masaukina da rabin ƙauye a baya, kuma da yake lokacin da na saya bai cika ba, suka ja daga a bakin taga suka ƙarasa shi har minti na ƙarshe. Mutane ne masu amana.

Da na dawo gida na kai wa Alhaji lissafi. Ya sa tabarau ya bi layi-layi, ya tsaya a inda na rubuta "Sufuri: rakiya zuwa masauki."

"Wace irin mota ce wannan, Malam?"

"Ranka ya daɗe, ba mota ba ce. Mutane ne."

"Su nawa?"

"Sha shida, ban da masu rawa."

"Da ƙafa?"

"Da ƙafa, Alhaji."

Ya cire tabarau ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce to madalla, tunda ni ma da ƙafa na tafi, sai a riƙa cira a albashi kaɗan-kaɗan. Yaran shago da ke laɓe a bakin ƙofa suka ji komai, kafin azahar sun naɗa ni Sarkin Busa. Ina amsawa kuwa, hannu a dunƙule. Sarauta ce da na saya da kuɗina, kuma sai watan azumi zan gama biya.